Shin akwai dokar da ke iya taɓa shugaban ƙasa idan ana zarginsa da cin dukiyar jama'a?

Tambaya daga wani malamin firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kafin Hausa: "Gardama ta sarƙe a majalisarmu ta bayan isha'i. Dattawa sun ce shugaban ƙasa ya fi ƙarfin doka, ko da buhun kuɗi aka gan shi a ka babu mai taɓa shi. Matasa wasu sun ce a kai ƙara kotun duniya, wasu sun ce sai dai soja. Ina gaskiyar magana a doka?"

Malam, ka gaishe min da dattawan majalisa da kyau. Ka ce musu lauya ya ce maganarsu tana da tushe, amma ba ta kai ƙarshe ba.

Abin da suke nufi shi ne sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda 'yan jarida ke kira rigar kariya. Mutum huɗu ne ke sa ta: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, da mataimakin gwamna. Minista ba ya ciki, sanata ba ya ciki, ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ba ya ciki, balle matar shugaba ko 'ya'yansa. Muddin ɗaya daga cikin huɗun nan yana kan kujera, ba a shigar da shi ƙara a kan kansa, ko ta laifi ko ta haƙƙi. Ba a kama shi, ba a tsare shi, kuma babu alƙalin da zai aika masa da sammaci ya ce lallai ya bayyana. Ana iya ƙarar ofishinsa, ana kuma iya ƙalubalantar zaɓensa a kotun zaɓe. Shi kansa dai, a'a.

Sai dai rigar ba ta wanke laifi. Ɗage shi take yi, kamar bashin takin da aka ce a bari sai kaka. Sashen da kansa ya ce idan ana lissafin ko wa'adin shigar da ƙara ya wuce, ba a sa shekarun da mutum ya yi a ofis a cikin lissafin. Ranar da ya miƙa mulki ya koma daidai da ni da kai. Ku a Jigawa kun ga wannan da idonku. Gwamna Saminu Turaki ya sauka a watan Mayun 2007, watan Yuli EFCC ta gurfanar da shi. Gwamna Sule Lamido ya sauka a Mayun 2015, shi ma watan Yuli yana gaban alƙali. Dukansu sun musanta tuhumar, kuma tuhuma ba hukunci ba ce. Na kawo su ne don ka ga saurin da rigar ke zamewa.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: kariyar ba ta hana bincike. Marigayi Gani Fawehinmi ne ya ja wannan magana har kotun ƙoli, lokacin da ya nemi 'yan sanda su binciki takardun makarantar gwamnan Legas na wancan lokaci, Bola Tinubu. A 2002 kotun ta ce mai rigar kariya ana iya bincikensa, a tattara shaida, a ajiye ta har ya sauka, duk da cewa ba ta tilasta wa 'yan sanda yin binciken da Gani ya nema ba. Dokar hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta shekarar 2000 ma ta yi tanadi a sashe na 52: idan zargin rashawa ya shafi shugaban ƙasa ko gwamna, alƙalin alƙalan ƙasa na iya naɗa lauya mai zaman kansa ya bincika, ya kai rahoto majalisa. A takarda abin gwanin sha'awa. Matsalar ita ce wa zai fara? Shugaban EFCC shugaban ƙasa ne ke zaɓo shi. Sufeto Janar na 'yan sanda haka. Ministan shari'a, wanda sashe na 174 ya ba ikon janye duk wata shari'ar laifi ta tarayya kafin a yanke hukunci, ɗan majalisar ministocinsa ne. Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na lokacin, ya kama tsohon gwamnan Delta James Ibori a Disambar 2007, kafin watan ya ƙare aka ce Ribadun ya bar kujerarsa ya tafi kwas a Kuru. Duk wani mai bincike a ƙasar nan ya ga abin da ya faru, kuma ya ɗauki darasi.

Hanyar da doka ta buɗe ga shugaba mai ci ita ce tsigewa, sashe na 143. Zan ɗan daɗe a nan domin a nan mabuɗin yake.

Majalisar tarayya mutum 469 ne: sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Da farko sai kashi ɗaya cikin uku nasu, wato mutum 157, sun sa hannu a takardar zargi, sun fayyace laifin dalla-dalla, sun miƙa wa shugaban majalisar dattawa. Shi kuma cikin kwana 7 ya ba shugaban ƙasa da kowane ɗan majalisa kwafi. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan ko a bincika, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar, ba na waɗanda suka halarci zama kawai ba: sanatoci 73, wakilai 240. Idan an samu, alƙalin alƙalai ya naɗa mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan wata jam'iyya ba. Suna da wata uku. Shugaban yana da damar kare kansa da lauyoyinsa. Idan kwamitin ya ce ba a tabbatar da zargin ba, magana ta mutu a nan. Idan ya ce an tabbatar, sai a sake neman 73 da 240 ɗin nan. Ranar da aka same su shugaban ya sauka, rigar ta faɗi, kotu na iya karɓarsa.

Ba a taɓa kai wa ko matakin kwamitin ba a kan wani shugaban Najeriya. Wanda ya fi kusa shi ne na watan Agustan 2002, lokacin da majalisar wakilai ƙarƙashin ɗan Kano, marigayi Ghali Umar Na'Abba, ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi, bisa zarge-zargen da suka haɗa da kashe kuɗi ba da iznin majalisa ba. Jam'iyya ta shiga tsakani, manyan ƙasa suka shiga, abin ya lafa. A zaɓen 2003 Ghali bai koma majalisa ba.

Gwamnoni kam an tsige, amma duba yadda aka yi. Balarabe Musa na Kaduna, a watan Yunin 1981, majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ce ta tuɓe shi saboda shi ɗan jam'iyyar PRP ne mai taurin kai, kuma har ya rasu ba na jin akwai wanda ya kira shi ɓarawo da gaske. Rashidi Ladoja na Oyo, wanda aka cire a 2006, wasu 'yan majalisar da ba su kai kashi biyu cikin uku ba ne suka taru a otal suka fara shirin cire shi, har kotun ƙoli ta rushe aikin ta mayar da shi kujerarsa. Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa an tsige shi a Disambar 2005, bayan ya tsallake beli a Landan, kuma a lokacin gwamnatin tarayya ba ta tare da shi. A Kano kuma, da faifan bidiyon da aka ce na gwamna Ganduje ne yana karɓar daloli ya fito a 2018, wanda shi ya musanta, majalisar jiha ta kafa kwamiti, babbar kotun jiha ta ce majalisa ba ta da hurumin binciken laifi irin wannan, aikin 'yan sanda da su EFCC ne. Ko don a wanke shi ko don a kama shi, talaka bai samu amsa ba a lokacin. Abin da nake so ka gani shi ne, a ƙasar nan tsigewa ta fi bin wanda ya rasa majalisa fiye da wanda ya ci kuɗi. Mai kuɗin sayen mutum 37 a majalisar dattawa ya gama tsare kansa, domin idan 37 suka ƙi, 73 ba za ta cika ba.

To bayan an sauka fa? Har yau babu tsohon shugaban Najeriya, soja ko farar hula, da aka gurfanar a kotu kan dukiyar jama'a. Obasanjo ya yi gidan yari daga 1995, amma kan zargin juyin mulki ne. Wanda aka bi sawun kuɗinsa da gaske shi ne Janar Sani Abacha, shi ma sai bayan rasuwarsa ranar 8 ga Yunin 1998. Na san akwai masu ƙaunarsa a Kano har gobe, wasu ma na cewa ajiya ya yi wa ƙasa saboda takunkumi. Ni dai abin da na sani, kuɗin an same su ne a asusun iyali da na makusanta a ƙasashen waje, ba a asusun gwamnati ba, kuma sai da aka yi shekaru ana shari'a da ciniki kafin su dawo. A 2017 Suwizalan ta amince ta dawo da kimanin dala miliyan 321, aka ce da su za a riƙa biyan tallafin naira dubu biyar-biyar ga gidajen marasa ƙarfi. A 2020 aka dawo da fiye da dala miliyan 300 daga tsibirin Jersey, aka ware su ga ayyuka uku, cikinsu har da hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. Duk direban da ke ɗauko kaya daga Maigatari zuwa kudu yana da haƙƙin ya tambayi ina aka kwana.

Ko waɗanda aka hukunta ma, ƙofar baya a buɗe take. Alamieyeseigha ya amsa laifi a 2007, Jonathan ya yi masa afuwa a 2013. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an ɗaure su a 2018, shari'a ta kai har kotun ƙoli, a 2022 gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa. Ibori kuwa, kotu a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da aka yi masa a 2009, sai ga kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 a 2012 bayan shi da kansa ya amsa laifi. Wannan na ƙarshen yana ci min rai a matsayina na lauyan Najeriya.

Kuma ba sai an sayi alƙali ake kashe shari'a ba. Na zauna a kotu a wata shari'ar tsohon mai riƙe da muƙami, ba zan faɗi wace ba. Shaidan gwamnati wani tsohon akawu ne, ya taso daga nesa da kuɗin motarsa, yana rungume da jakar leda cike da kwafin bauca, ya zauna a bencin baya tun ƙarfe takwas. Sha ɗaya saura aka kira shari'ar. Ƙaramin lauya ya miƙe ya ce babban lauya yana Abuja, ga kuma takardar likita cewa wanda ake tuhuma hawan jini ya kwantar da shi. Minti huɗu, aka ɗage wata uku. Dattijon nan ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar ɗan sanda ko shi ke nan ya tafi. Kafin a zo kansa an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, aka fara daga farko. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana dakatar da shari'a saboda ɗaukaka ƙara a tsakiya, ta kuma taƙaita ɗage zama, ta rage ɓarnar, amma ba ta kawar da ita ba.

Wasu ƙasashen sun yi abin da muka kasa, kuma ba duka Turawa ba ne. Wanda ya fi burge ni shi ne na Afirka ta Kudu. An kashe kuɗin gwamnati a gidan Jacob Zuma na ƙauyensu, Nkandla, da sunan tsaro, aka haɗa har da tafkin wanka, garken shanu da akurkin kaji. Mai kare haƙƙin jama'a ta ƙasar, Thuli Madonsela, wadda Zuman ne ya naɗa ta, ta fitar da rahoto a 2014 cewa ya biya abin da ba na tsaro ba. Ya ƙi, majalisar da jam'iyyarsa ta fi rinjaye ta rufa masa. 'Yan adawa suka je kotun tsarin mulki, a watan Maris 2016 kotun ta ce shugaban ya saɓa wa kundin ƙasa, majalisa ma ta gaza aikinta. Ya biya rand miliyan 7.8 yana kan mulki. A 2018 jam'iyyarsa ta tilasta masa sauka, a 2021 aka yanke masa wata 15 saboda ya ƙi bayyana gaban kwamitin binciken rashawa. Abin da ya sa ya yiwu: matar nan wa'adinta shekara bakwai ne ba sabuntawa, kuma shugaba ba ya iya korarta da baki kawai. A Muritaniya ma an ɗaure tsohon shugaba Mohamed Ould Abdel Aziz a 2023 kan tara dukiyar da bai iya bayanin tushenta ba. Sai dai a yi hattara. Lula na Brazil ya yi kwana 580 a tsare, daga baya kotun ƙolin ƙasar ta soke hukuncin, ta kuma ce alƙalin da ya yi shari'ar ya nuna son kai, Lula ya dawo ya ci zaɓen 2022. Shari'ar da aka yi don ramuwar gayya ba ta tsayawa, kuma tana ɓata sunan yaƙi da rashawa baki ɗaya.

Matasan da ke maganar kotun duniya, ka ce musu kotun Hague ba ta sauraron rashawa. Huruminta kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi da makamantansu. Shugaba mai ci kuma kotunan wasu ƙasashe ba sa taɓa shi, ko da yake suna iya riƙe kadarorin da aka ɓoye a wurinsu.

Masu kiran soja su ne suka fi ba ni tsoro, domin mun gwada. Bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 aka kafa kotunan soja, aka yanke wa wasu gwamnoni shekaru masu yawan gaske. Shehu Shagari aka tsare shi har 1986, kwamitin da ya duba lamarinsa bai same shi da cin kuɗi ba. Waɗanda aka ɗaure kuwa gwamnatin Babangida ta rage musu ko ta sake su. Shekara goma bayan wancan juyin mulki na gyara, mulkin da har yau ake kwaso kuɗinsa daga waje ya fara. Soja idan ya hau, kundin da ke da sashe na 143 ɗin shi yake fara jinginewa. Wa zai tsige shi?

Akwai kuma wata magana da nake ji a ƙauyukanmu, cewa mulki na Allah ne, talaka ba ya tambayar shugaba, sai dai addu'a. Addu'a wajibi ce, amma malamanmu sun fi ni sanin hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi idan ya karkace a miƙar da shi. Ko a tarihinmu na kusa, a 1962 gwamnatin Arewa ta sa wani jami'inta Bature mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, da duk ƙarfin ikonsa, ya yi murabus ya koma Azare. Har yau ana gardama ko kuɗi ne ko rikicinsa da Sardauna, kuma gardamar tana da muhimmanci, domin irin tambayar da muke yi wa EFCC ke nan a yau. Amma tambayar mai mulki ina dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano.

Ko a cire rigar kariya gaba ɗaya? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya goyi bayan cirewa, taron ƙasa na 2014 ma ya ba da shawarar a cire ta a kan shari'ar laifi. Ni ra'ayina a rage ta, kada a yage ta. Idan aka buɗe ƙofa duka, gwamnan adawa ne zai fara kwana a ofishin 'yan sanda, shugaban ƙasa kuwa babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ka ga an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Abin da ya fi gaggawa shi ne a raba ofishin mai gabatar da ƙara da na ministan shari'a, a ba shugabannin EFCC da ICPC wa'adin da ba a katse shi sai da yardar majalisar dattawa, a hana afuwa ga wanda aka ɗaure kan dukiyar jama'a, a kuma wajabta buga takardar bayyana kadarori kowa ya gani. Yanzu shugaba yana cike ta ne ya kai Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a kulle a durowa. 'Yar'aduwa ya buga tasa a 2007 don ganin damarsa, ba don doka ta tilasta ba. Gyaran kundin yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ka ga mun sake dawowa kan 'yan majalisa.

Shi ya sa nake cewa majalisarku ta bayan isha'i tana da hannu a wannan magana fiye da yadda take zato. Jigawa na da sanata 3 da ɗan majalisar wakilai 11, Kano na da 3 da 24. Mutum 41 ke nan cikin 469. Ranar zaɓe hankalinmu yana kan ƙuri'ar shugaban ƙasa, ta sanata da ta ɗan majalisa kuma mu dangwala sak, ko mu ba wanda ya raba taliya da atamfa. Alhali waɗannan su ne kaɗai mutanen da doka ta ba ikon tsayar da shugaba, su ne ke amincewa da kasafi, su ne rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa ke zuwa hannunsu duk shekara. Idan ɗan majalisarku ya zo gaisuwar salla ko ta'aziyya, bayan an roƙi taransifoma, wani dattijo ya tambaye shi wane kwamiti yake, me ya ce a kan rahoton mai binciken kuɗi, ya ya kaɗa ƙuri'a a kan bashin da aka ciyo. Akwai kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, kuma har yau babu wanda aka taɓa dawo da shi gida ta wannan hanya. Zaɓe ya fi sauƙi.

Sannan ku riƙa ajiye takarda, Malam, kai da kake da alƙalami. Shari'ar babba ba ta tsayuwa da "an ce". Da baucar akawu take tsayuwa, da hoton aikin da aka biya kuɗinsa ba a yi ba. Idan an kafa allon kwangilar asibiti ko rijiyar burtsatse ta tarayya a garinku, ku ɗauki hotonsa da waya, sunan kamfani da ma'aikatar su fito, ku rubuta ranar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi sanin nawa aka ware, wa aka ba, nawa aka biya, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma kwana 7 gare su su amsa. Ku rubuta da sunan ƙungiyar ci gaban gari, ba da sunan mutum ɗaya ba, don kada a sa wa ɗaya ido. Ku yi kwafi biyu, ku tabbatar an buga muku hatimi da kwanan wata a naku. Sau da yawa ba za su amsa ba. Idan suka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma kuna da kwana 30 ku nemi kotu ta tilasta musu. Da kwafin nan mai hatimi za ku je wurin lauya, ko ofishin ICPC, ko gidan rediyo. Kada ku sa sunan kowa a Facebook kuna kiransa ɓarawo kafin takardun su cika, domin ƙarar ɓata suna gaskiya ce, kuma ku ba ku da rigar kariya.